Motar Attajirai, Kuɗin Gwanjo: Tarihin Faɗuwar Darajar Motocin Lantarki Na Alfarma

Mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata magana ce da ta haɗa ni da ƙanena kwanakin baya. Bayan an raba mana gadon mahaifinmu, sai ga shi ya shigo wurina da wayarsa a hannu yana ta murmushi, ya nuna mini hoton wata mota mai aiki da lantarki, irin ta alfarma, wadda aka sa a kasuwa a Amurka. Ya ce da ni, "Yaya, dubi abin mamaki. Shekara huɗu da suka wuce sai mai dala 100,000 ke iya taɓa wannan motar, yau ga ta ko rabin haka ba ta kai ba. In na zuba kasona na shigo da ita, in hau shekara ɗaya in sayar, ai na tsinci dami a kala."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, na dai roƙe shi ya ba ni mako biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi wanda ya saye ta da wancan maƙudan kuɗi, me ya sa ya yarda ya rabu da ita a haka? Muna da wani kawu da ya shekara fiye da 30 yana dillancin motoci a Kano, kuma tun muna yara nake jin yana cewa kowace mota farashi biyu gare ta, na ranar da ka saya da na ranar da za ka sayar. Na farkon kamfani ke yankewa, na biyun kuwa tsoron mai saye ne ke yanke shi. Da wannan magana a zuciyata na shiga bin tarihin irin waɗannan motoci, ga kuma abin da na samo.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar motar lantarki a matsayin sabon abu, alhali kuwa ta girmi kakanninmu. Motar da ta fara haura gudun kilomita 100 a awa ɗaya a duniya ta lantarki ce, wani mutumin ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta kusa da birnin Paris a 1899. A 1900 kuma aka baje kolin wata mota a Paris ɗin, wadda wani matashi mai suna Ferdinand Porsche ya tsara wa kamfanin Lohner na birnin Biyana, ita ma da batir take tafiya. Ka riƙe sunan nan na Porsche, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

A wancan lokaci a Amurka kusan kashi ɗaya bisa uku na motoci na lantarki ne, kuma su ne motocin masu hannu da shuni. Dalili kuwa shi ne motar fetur ta zamanin wahala ce zalla: sai an tsaya a gabanta an juya wani ƙarfe da hannu kafin inji ya tashi, wani lokaci ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu, ga ƙara, ga hayaƙi, ga wari. Ita kuwa ta lantarki shiga kawai za ka yi ka ja, shiru kamar ana tura ta. Shi ya sa likitoci da matan attajirai suka rungume ta. Kamfanin da ya fi suna shi ne mai ƙera Detroit Electric, wanda ya fara a 1907, motarsa kamar falo take a ciki, har da wurin sa furanni, ana kuma tallarta da cewa tana cin kilomita 130 kafin a sake caji. Abin dariyar ma, ita kanta Clara Ford, matar Henry Ford, irinta take hawa, ga mijinta yana cika duniya da motocin fetur.

To, abin da ya kashe kasuwar ba lalacewar motocin ba ne. A 1908 Ford ya fito da Model T a kan dala 850, ya yi ta rage kuɗinta har ta sauko dala 260 a 1925. A 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motarsa na'urar tayar da inji da lantarki, wadda Charles Kettering ya ƙirƙiro, aka huta da juya ƙarfe da hannu. Fetur ya yi araha bayan gano mai da yawa a jihar Texas, aka shimfiɗa hanyoyi masu nisa tsakanin garuruwa, ƙauyuka kuwa ba wutar da za a yi caji. A 1912 ɗin ana sayar da motar lantarki wajen dala 1,750, ta fetur kuma wajen dala 650. Hasali ma, wanda ke son a sa masa batirin Edison a cikin Detroit Electric sai ya ƙara dala 600, kuɗin da ya kusa sayen Model T sukutum. Haka masu saye suka yi ta janyewa, kamfanin ya koma ƙera 'yan tsiraru, har ya rufe a 1939. Motar da ke garejin attajiri lafiyarta ƙalau, duniya ce kawai ta wuce ta bar ta. Wannan shi ne darasi na farko, kuma bayan shekara ɗari ya sake maimaita kansa.

Kafin mu iso zamaninmu, ya kamata mu san yadda aka yi faɗuwar darajar mota ta zama abin lissafi. Da Alfred Sloan ya zama shugaban General Motors a 1923, sai kamfanin ya ɗauki ɗabi'ar sauya fasalin mota kusan kowace shekara, don wanda ya sayi ta bara ya ji tasa ta tsufa. Tsofaffin motoci suka cika kasuwa, har wani dillali a birnin Los Angeles mai suna Les Kelley ya fara buga littafin farashin motocin hannu a 1926, wanda har yau ake dogaro da shi a Amurka. A 1970 kuma wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya rubuta wata maƙala da ya gina ta a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna a taƙaice shi ne, mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye zai taya da ƙasa don ya kare kansa, ko da motar lafiyayya ce. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya yi dariya ya ce, ashe a kan abin da suke yi kullum a bakin titi ake ba mutum lambar yabo.

Wannan tsoro ya fi yawa a kan motar alfarma, ko ta fetur ce. Attajiri sabuwa yake so, don yayi yake saya. Wanda zai sayi tsohuwar kuwa mutum ne mai lissafin aljihu, ya kuma san cewa ko da motar ta yi araha, kayan gyaranta ba za su yi ba. Saboda haka tun asali manyan motocin Jamus da na Ingila suna zubar da daraja da sauri. Motar lantarki ta alfarma ta gaji wannan ciwo, sannan ta ƙara da nata.

Da motar lantarki ta dawo a ƙarshen ƙarni na 20, General Motors bai ma yarda ya sayar da tasa ba. EV1 da ya ƙera daga 1996 zuwa 1999, guda 1,100 da 'yan kai, haya kawai ya bayar, daga baya ya karɓe su ya murƙushe yawancinsu. Kamfanin Tesla ne ya sake mayar da lantarki abin ƙasaita, da Roadster a 2008 wadda kuɗinta ya kai wajen dala 100,000, sannan Model S a 2012. Amma masu kuɗi suka riƙa tambayar abin da Kawu zai tambaya: in na gaji da ita, wa zai saya? Don kashe wannan tsoro, a watan Afrilun 2013 Elon Musk ya yi alƙawarin cewa duk wanda ya sayi Model S da bashin bankunan da suka ƙulla yarjejeniya da su, bayan shekara 3 kamfani zai iya karɓar motar a kan darajar da ba ta gaza ta Mercedes S-Class ba, ya kuma ce ya jingina dukiyarsa ta kansa a kan maganar. Wata ɗaya bayan haka aka ɗaga alƙawarin zuwa rabin kuɗin motar. Ka ga ke nan, mai karatu, tun daga farko sai da aka sa wa darajar nan madogara kafin ta tsaya. A 2016 kamfanin ya janye tsarin.

Daga nan sai aka shiga lokacin ruɗu. A watan Afrilun 2019 Musk ya ce wanda ya sayi Tesla ya sayi kadarar da darajarta za ta riƙa hawa, domin a cewarsa nan da shekara mai zuwa motocin za su riƙa tuƙa kansu suna yi wa masu su kabu-kabu. Hakan bai faru a 2020 ba, amma sai annobar korona ta zo ta jawo ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa motoci, masana'antu suka rage aiki, sabuwar mota ta yi wuyar samu. A 2021 da 2022 an kai matsayin da ake sayar da wasu Tesla na hannu sama da kuɗin sabuwa, saboda mai sabuwa sai ya jira watanni. Mutane suka ɗauka maganar Musk ce ta tabbata. Kamfanin bayar da hayar motoci na Hertz ya sanar a watan Oktoban 2021 cewa zai sayi Tesla 100,000.

Ranar wanka ta zo a watan Janairun 2023. Dare ɗaya Tesla ya zabge farashi a Amurka, Model Y mai dogon zango ta sauko daga dala 65,990 zuwa 52,990. Ba a banza aka zaɓi wannan adadi ba, an so ne motar ta shiga ƙarƙashin iyakar dala 55,000 da gwamnati ta gindaya kafin mai saye ya sami rangwamen haraji na dala 7,500. Manyan motocin sun fi shan duka: Model S Plaid da ake sayarwa dala 135,990 a 2022, kafin ƙarshen 2023 ta koma 89,990. Yi tunanin mutumin da ya saye ta a 2022. Ko da bai taɓa fito da ita daga gareji ba, dala 46,000 ta tafi, domin ba mai hankalin da zai sayi ta hannu sama da kuɗin sabuwa dal. A watan Janairun 2024 Hertz ya sanar zai sayar da motocin lantarki 20,000, kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda yake da su, ya rubuta asarar dala miliyan 245, ya kuma ɗora laifin a kan tsadar gyara da faɗuwar daraja. Shugaban kamfanin, Stephen Scherr, ya sauka a watan Maris. Yawancin motocin Hertz ba na alfarma ba ne, amma da suka malalo kasuwa sai suka ja farashin kowa ƙasa.

Mu koma ga Porsche da na ce ka riƙe sunansa. A 2019 kamfanin ya fito da Taycan, motarsa ta lantarki zalla ta farko a wannan zamani, ta kuma sami karɓuwa har a 2021 ta fi shahararriyar 911 ciniki. A Ingila akwai wani dalili na musamman: daga watan Afrilun 2020 gwamnati ta sauke harajin da ma'aikaci ke biya kan motar lantarki da kamfaninsa ya ba shi zuwa sifili, daga baya ya koma kashi 1 sannan kashi 2 cikin 100. Manyan ma'aikata da masu kamfanoni suka yi rububin ɗaukar Taycan a kan haya ta shekara 3 ko 4. To ka san abin da aka ɗauka tare, tare yake dawowa. Motocin suka dawo kasuwa a lokaci guda, wanda zai saya da kuɗin aljihunsa kuwa ba ya cin moriyar wancan rangwame. Daɗin daɗawa, a farkon 2024 Porsche ya fito da sabon samfuri mai cin zango mafi nisa da saurin caji, tsohon ya ƙara tsufa. A shekarar cinikin Taycan a duniya ya ragu da kashi 49 cikin 100.

Jaguar I-Pace ita ma abin tausayi ce. Ta fito a 2018, a 2019 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta duniya, sannan aka yi ta kiran masu ita su mayar da ita gyara saboda haɗarin gobarar batir, aka daina ƙera ta a ƙarshen 2024. Wani kamfanin Amurka mai bin diddigin farashin motoci, iSeeCars, ya fitar da ƙididdiga a 2025 a kan motocin da suka shekara 5. Matsakaiciyar mota ta zubar da kashi 45.6 cikin 100 na kuɗinta, motocin lantarki kashi 58.8, Tesla Model S kashi 65.2, I-Pace kuwa ita ce ta fi kowa da kashi 72.2. Motar da ta fi kowa riƙe daraja a ƙididdigar ita ce Porsche 911 ta fetur, wadda ta rasa kashi 19.5 kacal. Ita 911 tun 1964 ake sayar da ita, fasalinta bai canja sosai ba, kuma kowa ya san abin da yake saya.

Mafi muni shi ne abin da ya sami masu Fisker Ocean. An fara miƙa wa masu saye a 2023, mafi tsadarta ta kusa dala 69,000. A watan Maris na 2024 kamfanin ya rage wani samfurin daga dala 61,499 zuwa 37,499, a watan Yuni kuma ya durƙushe. Ragowar motoci sama da 3,000 aka sayar wa wani kamfanin haya na New York a kan kuɗin da bai wuce wajen dala 14,000 ba kowace ɗaya in aka raba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne motar zamani rabinta kwamfuta ce, tana buƙatar kamfani ya riƙa aiko mata da gyaran manhaja ta intanet. Da kamfanin ya mutu, dole masu motocin suka kafa ƙungiya don neman kayan gyara da wanda zai kula musu da manhajar.

Duk waɗannan labarai suna komawa ga batir, wanda shi ne abu mafi tsada a jikin motar. A 2010 kowane ma'auni guda na ƙarfin batir, wanda ake kira kilowat-awa, ya haura dala 1,000. A ƙididdigar BloombergNEF ta 2024 ya sauko dala 115. Wannan alheri ne ga duniya, amma ga wanda ya riga ya saya asara ce, domin sau da yawa sabuwar mota tana zuwa da batir mafi girma a kuɗi mafi sauƙi. Ƙasar Sin ce ta fi tsananta wannan gasa. A watan Nuwamban 2022 Mercedes ya rage wa babbar motarsa EQS sama da yuan 200,000 a can saboda rashin ciniki. A watan Maris na 2024 kuma Xiaomi, kamfanin nan mai wayoyin Redmi da ke aljihun yawancinmu, ya fito da mota mai suna SU7 wadda ke kama da Taycan a ido, a kan yuan 215,900, wato wajen dala 30,000. Tunda masu waya sun shigo ƙera mota, ba mamaki mota ta fara tsufa irin na waya.

Adalci ne kuma in faɗi ɗaya ɓangaren. Batir ba ya mutuwa da saurin da mutane ke tsoro. Kamfanin Geotab na ƙasar Kanada ya duba dubban motoci a 2024 ya ga a matsakaici batir yana rasa kashi 1.8 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara, kuma yawancin kamfanoni suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000. Wato sau da yawa motar da ta zubar da kashi 60 na kuɗinta ba ta zubar da ko kashi 15 na amfaninta ba. Ga Ba'amurke ko Bature mai wurin caji a gidansa da garejin kamfani a garinsu, irin wannan mota garaɓasa ce ta gaske, faɗuwar wani tashin wani.

Da mako biyu suka cika, na ɗauki ƙanena muka je wurin Kawu. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ban raina ta ba: tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma yana da niyyar sa sola a gida. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya tuna masa da Peugeot 504, wadda aka yi kusan shekara 30 ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ya ce abin da ya sa mai 504 ba ya kwana da fargaba shi ne duk ƙauyen da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta, kayan gyaranta kuma har a kasuwar ƙauye ana samu, saboda haka ranar da ya so sayarwa masu taya suna nan. Su ma motocin da muke kira Beljiyam, masu shigowa ta Kwatano, ba kowace iri ce ke karɓuwa ba, sai wadda makanikai suka amince da ita.

Daga nan ya juya ya ce, "Ɗana, garantin nan da yayanka ke faɗa, zai biyo ta har Kano? In batir ya yi ciwo a zafin watan Afrilu, gun wa za ka kai ta? In kuma ka gaji da ita, kira mini sunan mutum uku da za su taya." Ƙanena ya yi shiru, ya kira sunan mutum ɗaya, sannan da kansa ya ce shi ma wancan sabuwa zai fi so.

Ni abin da na gaya masa bai wuce abin da tarihin nan ya nuna mini ba. Daga Detroit Electric zuwa Taycan, wanda ya sayi motar lantarki ta alfarma da niyyar ajiye dukiya a cikinta ya sha kashi, ban da 'yan ƙalilan irin Roadster ta farko da masu tara kayan tarihi ke nema saboda ƙarancinta. Wanda ya saye ta a hannu na biyu don ya hau har ta ƙare, yana da wuta da mai gyara, shi ne ya ci riba. Na ce masa in hawa yake so, da kuɗin da zai iya yafewa, ba ni da ta cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma gadon mahaifinmu ba irin kuɗin da ake yafewa ba ne, kuma farashin da ya faɗi rabi a Amurka ba abin da zai hana shi sake faɗuwa rabi a hannunsa.

Har zuwa yau da nake wannan rubutu bai saya ba, bai kuma goge hoton daga wayarsa ba. Jiya ma ya aiko mini da wata, ya ce wannan ta fi waccan araha. Na ce ya kai wa Kawu.